Albashin Yaya

Da yawa daga cikinmu a wannan kwaleji, in an bincika, za a tarar albashin mutum ɗaya ne ya ke riƙe da mu. Wani ubansa ne, wani yarsa ce mai aikin jinya, wani kuwa kawunsa ne soja. Mu kan ga kuɗi sun shigo a farkon zango, mu ce mun gode, mu je mu biya, ba safai mu kan tsaya mu tambaya ko mai aikin nan yana jin daɗin aikinsa ba. Ni nawa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara 9. Yana aiki a wani banki a Jos, shekararsa 8 ke nan a ciki. A watan jiya ya gaya mini yana tunanin ajiye aikin, ya tafi Legas ya shiga makarantar koyon kasuwanci, ya ce in yi nazari in faɗa masa abin da na gani. Edita ya daɗe yana bina bashin rubutu, sai na ce bari in biya shi da wannan, gama na san irin wannan magana za ta iya tarar da ko wane ɗayanmu.

Bari in fara gaya muku matsayin Yaya a gidanmu, don ku san nauyin maganar. Mu mutanen ƙauye ne a ƙasar Bokkos, inda a ke noman dankalin Turawa da masara da acca. Dukanmu a makarantar mishan ta garinmu muka fara karatu, shi ne kuwa ya fara wucewa zuwa jami'a, ya karanta lissafin kuɗi. Baba ya rasu yana ajin ƙarshe, ni ina da shekara 13, tun daga ran nan Yaya ya zama uba. Da ya gama bautar ƙasa ya sha yawon neman aiki kafin a ɗauke shi a banki. Da fari a kanta ya ke zama, yana ƙirga kuɗin mutane tun safe har yamma, da dare kuma ya duƙufa kan littattafan jarrabawar akantoci ta ICAN, har ya ci. Yanzu yana sashen ba 'yan kasuwa rance. Shi ma'aikaci ne na dindindin, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, gama da yawa cikin samarin da ku ke gani a bankuna sanye da kwat 'yan kwantiragi ne, wani kamfani dabam ya ɗauke su ya ba banki aronsu, albashinsu kaɗan, ana iya sallamarsu ko yaushe. Yaya yana da asibitin da a ke duba shi da iyalinsa ba tare da ya cire kuɗi daga aljihu ba. Yana da asusun fansho kuma. Bisa ga dokar fansho ta 2014, ko wane wata a kan cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wurin aikinsa ya ƙara kashi 10, a ajiye masa don tsufa. A wannan zamani mutumin da ya sami irin wannan wuri, mutane su kan ce ya haye.

To, baki nawa ne ke ci daga albashin nan? Na zauna na ƙirga. Akwai matarsa da 'ya'yansu biyu. Ita ma tana aiki, tana koyarwa a wata firamare ta kuɗi, amma ku da za ku zama malamai kun san abin da irin waɗannan makarantu ke biya, ba sai na ɓata muku rai ba. Akwai Mama, da maganin hawan jininta na ko wane wata, da takin gonarta ko wace damina. Akwai ƙanwarmu da ke sakandare, da ɗan marigayi baffanmu da ke koyon aikin walda, da ni. Bakwai ke nan, ban da shi kansa. Ban sa biki da jana'iza da gudummawar ginin coci ba, ban kuma sa masu zuwa gaisuwa ranar Asabar waɗanda ba su tashi sai an ba su kuɗin mota ba. A ƙauye ba a san bambanci tsakanin mai aiki a banki da mai banki ba.

Makarantar da ya ke so ita ce Lagos Business School, wadda aka fara a 1991, tana ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, a kan hanyar Lekki zuwa Epe. Abin da a ke samu a can digiri ne na biyu a kan tafiyar da harkokin kasuwanci, wanda a ke kira MBA. Da fari ƙasashen waje ya ke hange, Ingila ko Amurka, amma wannan ƙofa ta rufe masa da kanta. Kafin watan Yuni 2023 ana sayen dala ɗaya a farashin gwamnati a kan naira 460 da 'yan kai. Da aka sake naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta wuce naira 1,500. Watau makarantar can ko da ba ta ƙara ko kwabo ba, ga ɗan Nijeriya kuɗinta ya ninka sau uku cikin wata takwas. Har wa yau, tun daga Janairu 2024 Ingila ta hana yawancin masu irin wannan karatu zuwa da mata da 'ya'ya. Sai Legas ta rage.

Na tambaye shi abin da a ke koyarwa a can wanda babu cikin littattafan da ya riga ya haddace. Abin da ya faɗa mini ya ba ni sha'awa, ina tsammani malaminmu na dabarun koyarwa ma zai so ya ji. Ba su cika zama malami yana faɗa suna rubutawa ba. A kan ba ɗalibai labarin wani kamfani na gaske da ya shiga wata matsala, da lissafinsa da komai, su karanta da dare, da safe su zo aji a tambayi ko wane ɗaya, da kai ne shugaban kamfanin nan me za ka yi? Sai gardama ta kaure, wannan ya ce a rufe reshe, wancan ya ce a ci bashi a faɗaɗa, malami yana tsakiya yana zuga su da tambaya, sau da yawa har a tashi bai ce ga mai gaskiya ba. Makarantar kasuwanci ta Harvard a Amurka, wadda aka kafa a 1908, ita ce ta yi suna da wannan hanya, wasu suka ɗauka daga wurinta. Yaya ya ce shi abin da ya iya shi ne ya duba takardun mutum ya gano inda zai fāɗi. Ba a taɓa tambayarsa yadda mutum zai tashi ba.

Sai maganar kuɗi, a nan kuwa na daɗe, gama lissafi na ke karantawa a nan kwaleji, abin da na ke da shi na taimaka masa ke nan. Mutane in suna maganar tsadar makaranta, kuɗin da a ke biya a ofishin ma'aji kaɗai su ke gani. Da Yaya ya gaya mini nasu, na kwatanta da abin da ya ke ɗauka, sai na ga ya kusa albashinsa na shekara biyu. Amma akwai wani kuɗin da ba a rubuta shi a takardar makaranta, watau albashin da mutum zai rasa yana zaune a aji. Tsakanin ranar da zai ajiye aiki da ranar da zai kama wani, in an haɗa karatu da neman aiki, mu ce shekara biyu. Albashin shekara huɗu ke nan ya tafi, ban sa hayar ɗaki a Legas ba, ban sa abin da za a fasa zubawa a asusun fanshonsa ba. To, yaushe zai mayar? In ya fito ya sami aikin da ya fi na yanzu da rabi, ƙarin nan zai ɗauki shekara 8 kafin ya cike ramin. In albashi ya ninka biyu, shekara 4. Yanzu yana da shekara 32, zai fito yana da 34, ba zai ce ya ci riba ba sai yana da 38 in an yi sa'a, ko 42 in sa'ar ta tsaka-tsaki ce. In kuwa ya fito ya koma irin kujerar da ya bari, ramin ba zai cika ba har abada.

Abin da ya tara bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin makarantar ba. Sauran sai ya sayar da filin da ya saya a bayan gari, ya ci bashi kuma. Ba wanda ya fi shi sanin abin da bashi ke nufi yanzu. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, mai karɓar rance a banki kuwa abin da ya fi haka ya ke biya. Doka ta yarda wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba ya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa, Yaya ya sa wannan ma cikin lissafi. Ni dai da na ji haka jikina ya yi sanyi, gama wannan cin irin shuka ne.

Da maganar ta kai kunnen Mama, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa. Wane karatu kuma? Wanda ka yi bai isa ba?" Kada ku yi mata dariya, 'yan'uwa. Matar da ta binne miji tana da 'ya'ya uku a makaranta, ta san abin da rashin albashi ke nufi fiye da mu duka. Matar Yaya kuwa ta ce duk abin da ya zaɓa tana bayansa, amma na lura sa'ad da ta ke faɗa tana kallon ƙasa.

Wanda ya ba ni mamaki kawunmu ne, ƙanen Mama. Na je wurinsa da hutun tsakiyar zango ina tsammani zai goyi bayan yarsa, gama shi ma tsohon ma'aikacin banki ne. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Yaro, ni ma an ce mini dindindin." Ya yi shekara 19 yana aiki a wani banki. A watan Yuli 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ba da sanarwa ko wane banki ya kai jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a ƙasar a lokacin, da wa'adi ya cika 25 suka rage, waɗansu sun haɗe, waɗansu an haɗiye su, waɗansu sun mutu. Na kawu yana cikin waɗanda aka haɗiye. Sabbin masu gida suka tarar a titi ɗaya suna da reshe biyu da ma'aji biyu, ɗaya kuwa su ke bukata. Yau yana sayar da siminti a Bukuru. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, da ya fito ya duba hannunsa sai ya ga ba abin da ya iya sai aikin bankin nan, yadda su ke yinsa a bankin nan.

Na koma na bincika, na ga abin bai tsaya a zamanin kawu ba. A watan Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna 5 a rana ɗaya, ma'aikata da yawa kuwa suka rasa aiki a gyare-gyaren da suka biyo baya. A watan Yuni 2024 aka janye lasin bankin Heritage. A watan Maris na wannan shekarar ta 2024 aka sake ɗaga jari, aka ce banki mai hulɗa da ƙasashen waje ya kai naira biliyan 500, na ƙasa biliyan 200, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2026. Ban da haka ma, aikin da Yaya ya fara da shi, na ƙirga kuɗi a kanta, yanzu waya da 'yan POS na bakin titi sun ɗauke yawancinsa. Ba ina cewa za a kori Yaya ba ne, ana yabon aikinsa. Amma randar da Mama ke magana a kai, ba a gidanmu ta ke ba, mai ita yana iya ɗauke abinsa ran da ya ga dama. Zama ma yana da nasa hatsarin, sai dai shi ba ya yin ƙara. Jira kuma ba kyauta ba ne. A watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana kuɗin da mutum ya ajiye suna narkewa yana kallo, makaranta kuwa ba ta rage kuɗinta don wani yana tarawa.

Da na ga lissafi ya ja nan ya ja can, sai na bar shi, na bugo wa Yaya waya da dare bayan an gama karatun yamma. Na ce, "Yaya, wanda zai je kasuwa da kuɗi masu yawa haka, ya kamata ya san abin da zai sayo. In ka fito, me ka ke so ka yi?" Ya yi shiru. Da fari ya ce yana so ya hau sama, gama a bankinsu waɗanda a ke ba manyan kujeru yawancinsu suna da wannan digiri, kuma daga Legas a ke zaɓo su, wanda ke reshe a Jos sai ya tsufa ba a san sunansa ba. Muka yi ta magana a kan wannan. Can da hira ta yi nisa sai ya ce, "Malam," haka ya ke kirana tun da na shigo kwaleji, "gaskiya dankali ne ke raina."

Ku da kuka fito daga wajenmu kun san labarin. In aka haƙe dankalin damina, kowa ya kan kawo nasa kasuwa lokaci ɗaya, a Maikatako da sauran kasuwanni buhuna su yi tsibi, motoci su zo daga Kano da Legas da Fatakwal, mai saye ne ke yanka farashi, gama manomi ba shi da wurin ajiya, in ya riƙe zai ruɓe. Bayan 'yan watanni dankalin nan ya yi tsada. Lokacin shuka kuma manomin da ya sayar da arha shi zai koma ya sayi iri da tsada, sau da yawa iri mai cuta. Akwai tashar binciken dankali a Kuru, masana sun daɗe da sanin yadda a ke ajiye iri a ɗaki mai iska da ɗan haske ya kai wata shuka lafiya, amma abin bai kai ga yawancin manoma ba. Yaya ya ce shekara da shekaru yana ganin 'yan dankali suna zuwa neman rance yana mayar da su, sabo da ba su da takardar fili ko lissafi a rubuce, alhali ya san inda kuɗin su ke a cikin sana'ar. Yana so ya gina ɗakunan ajiya, ya sayi iri mai kyau ya ba manoma bashi, ya saya a hannunsu da kaka.

A nan ne na ga abu biyu ne Yaya ya ƙulle a ƙunshi ɗaya, ko wane kuwa da hanyarsa. In hawa sama a banki ya ke so, ba lalle sai ya ajiye aiki ba. Ita makarantar ta Legas tana da tsari na masu aiki, suna zuwa aji suna komawa bakin aikinsu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana ba da wannan digiri daga nesa, mutum yana gidansa. Akwai wahala, amma wanda ya ci ICAN da karatun dare ya san hanyar. In kuwa dankali ya ke so, to, kuɗin da zai kai makaranta su ne jarin. Mutum ya sayar da fili, ya ci bashi, ya koyo yadda a ke juya jari, ya dawo ba jarin juyawa, sai bashi a wuya. Mai bashi irin wannan ba ya zuwa ƙauye gina ɗakin dankali. Tilas ya nemi aikin da ya fi biya a Legas, ya ce sai ya gama biya tukuna, kafin nan kuwa ya saba da Legas, 'ya'yansa sun shiga makaranta a can. Ina tsoron makarantar da zai shiga don dankali ita ce za ta raba shi da dankali.

Wani abokina a nan ɗakin kwananmu, da na ba shi labari, ya ce ai Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, bai shiga irin wannan makaranta ba, da goro da gyaɗa ya tashi. Wani ya amsa masa cewa Aliko Ɗangote ya karanta kasuwanci a Azhar ta Masar kafin ya fara a 1977. Suka yi ta jayayya har aka kashe wuta. Ni ban ga abin da misalan nan za su yi wa Yaya ba. Ɗangote daga gidan Ɗantata ya fito, da rancen kawunsa ya fara. Kawunmu siminti ya ke sayarwa buhu ɗai-ɗai.

Amma kada in zalunci makarantar. Akwai abin da ta ke bayarwa wanda karatun dare ba ya bayarwa, watau mutane. Wanda ya zauna aji ɗaya kusan shekara biyu da 'ya'yan masu kamfanoni da waɗanda gobe za su riƙe manyan ofisoshi, ya fito da abokai waɗanda in ya buga waya za su ɗauka. Ɗan manomi daga Bokkos ba shi da wata ƙofar shiga wannan zaure sai irin wannan. Mai ɗakin ajiyar dankali ma wata rana zai bukaci mai zuba jari da mai sayen kaya da yawa a Legas. Sana'ar kuma tana da nata hatsarin da ba na kasuwa ba. Kun san abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberen Kirsimetin 2023. Wanda ya tara dukiyarsa a ɗaki ɗaya a ƙauye ya san dare ɗaya ya isa. Ilmi kuwa ba a ƙone shi. Duk wannan na auna shi.

Saura nawa. Ina aji biyu, da sauran shekara ɗaya da rabi kafin in karɓi takardar NCE. Duk shawarar da zan ba Yaya, ina da riba in ya zauna, shi ma ya san haka, ina tsammani shi ya sa ni ya tambaya, yana so ya ji ko zan sake shi. Shawarar mai cin albashinka ba ta da nauyi sai ya cire hannunsa daga kwano. Sabo da haka kafin in ba shi amsa na je na bincika asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar takardu a watan Mayu 2024. Ba ruwa a kan bashin, kuɗin makaranta kai tsaye a ke biya wa makaranta, ana kuma ba da ɗan abin kashewa. Na kuma yi magana da waɗansu iyaye a cikin gari masu neman wanda zai koya wa 'ya'yansu lissafi da yamma. Da na haɗa, na ga zan iya, ko da ya ke sai na rage zuwa gida, nama kuma sai ran da kwaleji ta ba mu.

Sa'an nan na rubuta masa takarda, gama irin wannan magana a waya ta kan watse. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ga abin da na ce:

"Yaya, daga zango mai zuwa ka cire ni daga lissafinka, na sami hanya. Ba fushi na ke yi ba, ina so in ka zauna ya zama don ka ga zama ya fi, in ka tafi kuma kada ka waiwayo sabo da ni. Abin da na gani shi ne kada ka ajiye aiki bana. Ka rubuta jarrabawar shiga yanzu, ka nemi rangwamen kuɗi a wurinsu, ka kuma tambayi wurin aikinka ko za su ba ka hutun karatu ba albashi, kujerarka tana jiranka. Abin da ka ke aiko mini, ka ƙara da kaɗan daga ajiyarka, mu gwada ɗaki ɗaya na iri da kakar nan, ni zan riƙe littafin da hutu. Damina ɗaya za ta gaya maka abin da ba wanda zai gaya maka a aji, in ka je kuma daga baya, za ka je da tambayoyinka a hannu. In sun yafe maka rabin kuɗi, ko an ba ka hutun, ka tafi, kada ka jira kowa. In ba haka ba, ka jira in fito in kama aiki, in ɗauki maganin Mama da makarantar ƙanwarmu. Amma mu sa rana, Yaya, mu rubuta ta, Kawu ya zama shaida, gama na ga yadda baɗi ta kan haifi baɗin baɗaɗa. Filin nan kuwa kada ka taɓa shi, na matarka ne da yara."

Ya yi kwana shida bai amsa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ran na bakwai saƙo ya shigo, gajere. Ya ce ya karanta sau uku, ya ba matarsa ta karanta. Ya ce maganar cire ni daga lissafi bai yarda da ita duka ba, kuɗin littattafai da na koyarwar gwaji suna wuyansa, kada in ƙara tayar da zancen. Ya biya kuɗin jarrabawar shiga. Bai ce zai jira ba, bai kuma ce zai tafi ba, ya ce in mun haɗu a gida da hutun Disamba za mu zauna da Kawu da Mama. Ya ƙara da cewa in na je gida in auna masa tsawo da faɗin tsohon ɗakin Baba na bayan gida, in duba ko rufin yana yoyo.

Na miƙa takarduna na neman rance ranar Litinin da ta wuce. Yara uku na samu, ina koya musu Talata da Alhamis daga ƙarfe 4 zuwa 6, sabo da haka 'yan ƙungiyar ƙwallo su yi mini haƙuri, su nemi wani mai tsaron gida.